ZAUREN IYALI: Mai Tukwanen Da Gaskiya Ta Fitar Daga Bashi

  

A wannan fitowa zan ɗan ajiye maganar kishi da ta lefe a gefe, in ɗauko wata wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kuwa tana yawan fitowa a cikin koke-koken da 'yan uwana mata suke kawo wa wannan fili. Maganar kuwa ita ce ta maigidan da gari ke yabo gida na kuka. Kun dai san shi, kusan kowace unguwa akwai irinsa. Shi ne uban ƙungiyar samari, shi ne babban mai ƙaddamarwa a duk gidauniyar da aka kira, da an ambaci sunansa a lasifika sai ya miƙe ya saɓa babbar riga ya yi alkawarin dubu kaza, maroƙa su ɗauka, wuri ya ruɗe da tafi. To amma ki leƙa gidansa, uwargida ce ke aiken yara maƙwabta aron gishiri da daddawa. Ki leƙa shagonsa, yaransa sun yi wata uku ba a sallame su ba, wanda ya ba shi kaya bashi kuwa har takalminsa ya suɗe wajen sintiri. Irin wannan ne Bahaushe ya kira inuwar giginya, na nesa ka sha.

Kada wani Alhaji ya ɗauka ina hana taimakon jama'a ne, Allah Ya tsare ni. Ai da babu masu hannu da shuni masu tausayi, da rijiyoyi da yawa ba a haƙa su ba, da marayu da yawa ba su ga allo ba. Abin da nake so mu duba shi ne, daga ina ya kamata hidimar jama'a ta faro? Don amsa wannan tambaya na ɗauko muku labarin wani ɗan kasuwa na ƙasar Amurka, wanda ya kai ƙololuwar kujera a wata babbar ƙungiyar taimakon jama'a ta duniya, amma abin da ya kai shi can a cikin shagonsa ya faru, lokacin da bashi ya kai masa iya wuya. Sunansa Herbert Taylor. Da jin sunan sai ki ce tela ne, amma tukwane yake sayarwa, don haka mata ku matso kusa, labarin namu ne.

An haifi wannan bawan Allah ran 18 ga watan Afrilu na shekarar 1893, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Pickford cikin jihar Mishigan. Ya yi karatu a jami'ar Northwestern da ke kusa da birnin Shikago, ya gama a 1917, daidai lokacin da Amurka ta tsunduma cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aka tura shi Faransa aikin jin ƙai a ƙarƙashin wata ƙungiyar samarin Kirista, daga bisani ya shiga rundunar sojan ruwa. Da ƙura ta lafa, a 1919 ya auri sahibarsa Gloria, suka tattara nasu ya nasu suka koma garin Pauls Valley a jihar Oklahoma, inda ya fara aiki da kamfanin mai na Sinclair. Bai daɗe ba ya ajiye aikin ya kama dillancin filaye da gidaje da harkar inshora. A 1925 ya dawo Shikago ya shiga kamfanin Jewel Tea, masu kai ganyen shayi da kofi da sauran kayan masarufi gida-gida. Nan fa likafa ta yi ta ci gaba, har ya zama mataimakin shugaban kamfanin, kowa kuma ya sakankance shi ne mai jiran gado.

Tun yana Oklahoma ya shiga ƙungiyar nan da ake kira Rotary, da ya dawo Shikago kuma ya shiga reshen can. Bari in ɗan yi wa wadda ba ta san ta ba bayani. Wani lauya ne mai suna Paul Harris ya kafa ta a Shikago ran 23 ga Fabrairun 1905, shi da abokansa uku, ɗaya mai sayar da kwal, ɗaya injiniyan haƙar ma'adinai, ɗayan kuma tela. Ma'anar sunan juyawa, saboda da farko zagayawa suke yi, wannan mako su haɗu a ofishin wane, mako mai zuwa a na wane, kamar dai yadda muke zagaya ɗaukar adashi. Kuma a faɗi gaskiya, farkon abin zumunci ne da neman kasuwa a tsakaninsu, ka saya a wurina in saya a wurinka. Sai daga baya suka ga ya kamata gari ma ya amfana da su. Kun san aikin da suka fara tasar wa a 1907? Ban-ɗaki na jama'a a tsakiyar birnin Shikago, don masu zuwa cin kasuwa su sami wurin kewayawa. Ni kam wannan ya burge ni, domin ba aiki ne da mutum zai so a manna hotonsa a jiki ba.

To ana nan ana nan, sai ga shekarar 1929. A watan Oktoba kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, tattalin arziki ya karye irin karyewar da ba a taɓa gani ba. Bankuna dubbai suka rufe da kuɗin mutane a ciki, masana'antu suka sa kwaɗo, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki yana zaune ba abin yi. Magidanta da kwat da hula suna bin layin karɓar burodi da miyar sadaka. A cikin kamfanonin da wannan guguwa ta kayar har da wani mai suna Club Aluminum, mai sayar da tukwane da kasake na alminiyam, wato sanholo. Bashin da ake bin sa ya zarce duk abin da ya mallaka da dala 400,000. Ke nan ko an sayar da komai har tsintsiya, sai an nemo wannan kuɗi kafin a fita kunyar masu bin bashi. Ga kuma ma'aikata wajen 250, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

A 1932 aka ɗora wa Taylor nauyin ceto wannan kamfani. Jama'a ku duba fa, mutum yana zaune a inuwa mai sanyi, shugabancin babban kamfani na jiran sa, sai ya ajiye ya rungumi wanda ake shirin yi wa sutura. Albashinsa ya ragu da kashi 80 cikin ɗari, wato a kowace dala biyar da yake kaiwa gida ya haƙura da huɗu. Aka nemo dala 6,100 aka zuba a matsayin ɗan jarin juyawa, abin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da tulin bashin. Duk matar aure ta san inda irin wannan ragi yake fara sauka. A madafa yake sauka, a kan kuɗin cefane da suturar yara, su kuwa 'ya'ya mata biyu Allah Ya ba su. Saboda haka in ana yabon Taylor, ni nakan ce a raba yabon biyu a kai wa uwargidansa rabi.

Da ya zauna ya auna, sai ya ga abokan gasarsa sun fi shi kuɗi, sun fi shi ƙarfin talla, su ma kuma kayansu masu kyau ne. Abu ɗaya ya rage da zai iya fin su da shi ba tare da ya kashe ko sisi ba, shi ne halin mutanensa, ya zama duk wanda ya yi hulɗa da su ya san ba za a cuce shi ba. Shi mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, ya ce sai da ya yi addu'a sannan ya ɗauki alƙalami. Ya fara rubuta wata ƙa'ida mai kalma wajen ɗari, ya ga ba mai iya haddace ta, ya taƙaita ta koma tambaya bakwai, ya sake tacewa ta koma huɗu, kalma 24 kacal a Turance. Ga abin da suka ƙunsa, kuma so yake mutum ya yi wa kansa su kafin ya faɗi magana ko ya aikata wani abu. Ta farko, abin nan gaskiya ne? Ta biyu, an yi wa duk wanda abin ya shafa adalci? Ta uku, zai ƙara ƙauna da danƙon zumunci? Ta huɗu, kowa da ke ciki zai amfana?

Wani zai ce, to wannan ai ko yaron makarantar allo ya san shi. Haka ne. Amma ku ji abin da ya yi da takardar, don a nan darasin yake. Bai kira taro ba, bai sa an buga ta an rarraba wa ma'aikata ba. Sai ya tura ta ƙarƙashin gilashin teburinsa ya yi shiru, ya ce bari ya fara gwadawa a kan kansa. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa a ranar farko saura kaɗan ya jefa ta a kwandon shara, saboda duk takardar da ta biyo ta teburinsa in ya auna ta da tambayar farko kawai, sai ya ga ƙarya a ciki, a wasiƙu, a takardun talla, har a maganarsa shi kansa. Sai da ya yi kwana wajen 60 yana wannan gwaji shi kaɗai, sannan ya kira manyan ma'aikatansa huɗu. Ɗaya Bayahude ne, sauran ukun Kiristoci ne amma kowa da ɗariƙarsa daban. Ya tambaye su ko akwai abin da ya saɓa wa addinin wani a ciki, suka ce babu. Daga nan ne aka mai da ita dokar kamfani.

Wurin da aka fara zartar da ita shi ne talla. Da ma suna kiran kayansu tukwanen da suka fi na kowa a duniya. Taylor ya ce wa ya zagaya duniya ya gwada? Tun da ba za su iya tabbatarwa ba, a goge. Aka bi duk kalmomin kambamawa aka tsince su, aka bar bayanin tukunya tsurarsa, ga abin da aka yi ta da shi, ga abin da take iya yi. Aka kuma hana masu tallan kamfani kushe kayan wasu, in ma sun ga abin yabo a kayan abokin gasa, su yaba. Ku kwatanta da abin da kunnenmu ya saba ji in mun shiga kasuwa yankan atamfa. "Wallahi Hajiya 'yar Holan ce, tallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba, na rantse ba ta zuba." Ki kai gida ki tsoma a ruwa, bokiti ya koma kamar marina.

Sai jarrabawa ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi. Ana cikin wannan hali na rashin ciniki, wani babban mai saye ya zo yana son kaya guda 50,000 a tashi ɗaya. Ga mai fama da bashi ai wannan ruwa ne ya sauko a tsakiyar bazara. Amma sai aka gano mutumin so yake ya karya farashi ya zubar da kayan da araha, abin da zai durƙusar da ƙananan dilolin da suka daɗe suna tallata kayan kamfanin, suna tare da shi a daɗi da wuya. Aka ɗora cinikin a kan tambaya ta biyu, aka ga bai haye ba. Suka ce wa mutumin ya yi haƙuri. Tabɗi! Wallahi ba kowane ɗan kasuwa ne zai ga wannan kuɗi ya kau da kai ba.

Akwai kuma labarin mai ɗab'i. Kamfanin ya ba da aikin buga takardu ga wanda ya yi farashi mafi sauƙi, sai daga baya mai ɗab'in ya gano ya yi kuskuren lissafi, zai yi asarar dala 500. A shari'ance ba abin da ya hau kan kamfanin, tun da an riga an sa hannu, ga shi kuma su ma a matse suke. Da suka tabbatar kuskure ne na gaskiya ba dabara ba, sai suka cika masa kuɗinsa cif. Ba kowa ne ya ga hikimar wannan tafiya ba. Har wani lauya ya gaya wa Taylor cewa shi in ya bi waɗannan tambayoyi sau da ƙafa yunwa ce za ta kashe shi, wai ba abin da za a yi kasuwanci da shi ba ne.

To yunwar dai ba ta kashe su ba. Sannu a hankali diloli suka gane nan ne ba a yi musu zagon ƙasa, masu saye suka gane abin da aka rubuta a takarda shi za su tarar a tukunya, masu ba da kaya bashi suka saki jiki. Zuwa 1937, shekara biyar ke nan, an biya bashin nan kakaf. A cikin shekara 15 da suka biyo baya kamfanin ya raba wa masu hannun jari ribar da ta haura dala miliyan ɗaya, darajarsa kuma ta wuce dala miliyan biyu. Ba ina cewa duk wanda ya yi gaskiya gobe zai wayi gari miloniya ba ne, kada wani ya riƙe ni. Arziki na Allah ne, kuma a waɗannan shekaru tattalin arzikin Amurka ma ya fara farfaɗowa, ga shi tukwanen nasu da ma masu inganci ne. Akwai masu gaskiya da yawa da suka rayu suka koma ga Allah da rufin asiri kawai. Abin da nake nuna muku shi ne lokacin da mutumin nan ya zaɓi gaskiya. Ya zaɓe ta ne ranar da take da tsada, ranar da ƙarya ɗaya za ta iya biyan albashin wata. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu ku bi ni mu jera shekarun. A 1937 ya gama biyan bashi. A 1939 aka zaɓe shi shugaban reshen Rotary na Shikago, wato uwar rassan duka. A watan Janairun 1943 ƙungiyar ta karɓi tambayoyin nan huɗu ta mai da su ma'aunin 'ya'yanta a duk duniya. A 1954 ya zama shugabanta na duniya baki ɗaya, a zamaninsa aka yi bikin cikarta shekara 50, kuma a wannan lokaci ne ya sallama mata haƙƙin mallakar tambayoyin kyauta. Ya kuma kafa gidauniya daga dukiyarsa don tarbiyyar matasa bisa tafarkin addininsa. Ya rasu ran 1 ga Mayun 1978 yana da shekara 85. Kun ga yadda abin ya tafi a jere. Sai da ya fita haƙƙin masu bin sa bashi da ma'aikatansa da dilolinsa, sannan kujerun suka biyo baya. Har yau an fassara tambayoyin nan cikin harsuna masu yawa ana karanta su a tarurruka, alhali sunan masu ba da manyan kyaututtuka na zamaninsa da yawa ya bi iska.

Kada ku ce labarin ya yi mana nisa. Reshen Rotary na farko a duk Nijeriya a Kano aka kafa shi, a shekarar 1961. Kuma daga wannan reshe na Kano ne aka sami ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar da Taylor ya hau, wato lauyan nan Jonathan Majiyagbe, wanda ya shugabanci ƙungiyar a duniya daga 2003 zuwa 2004. Ita ce kuma ƙungiyar da ta ɗaura ɗamarar yaƙi da cutar shan-inna tun 1985. A 1988 ana ƙiyasin cutar tana nakasa yara wajen 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. A Nijeriya an ga na ƙarshen wanda ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar Borno a 2016, sannan ran 25 ga Agustan 2020 aka yi shelar nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i. Duk uwar da ta taɓa ganin yaro yana jan gindi a bakin titi ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mata kuwa sai a 1989 aka buɗe musu ƙofar shiga a duk duniya, kuma sai a 2022 mace ta fara shugabantar ta.

Na san wasu malamanmu suna da magana a kan irin waɗannan kulob-kulob na Turawa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne, mai son hukunci ya nufi zauren malaminsa. Ban kawo labarin don in ce kowa ya je ya yanki kati ba. Mu ai muna da namu tun kaka da kakanni, ga aikin gayya, ga ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwa, ga kwamitin masallaci, ga na makabarta, ga zakka da waƙafi. Abin da ya sa ni jin kunya shi ne, duk abin da bawan Allahn nan ya wahala ya gano a cikin bashi, mu an karantar da mu shi tun muna ƙanana. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Malamai kullum suna faɗa mana wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma rantsuwa tana sayar da kaya amma tana kwashe albarka. To me ya sa har yanzu ake bubbuge gindin mudu, ake zuba tsakuwa a shinkafa, ake jera manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa?

Saboda haka Alhaji, ranka ya daɗe, da kai nake, kuma da ladabi nake. Kafin ka amsa gayyatar gidauniya ta gaba, ɗauki tambayoyin nan ka shiga da su gida tukuna. Alkawarin da za ka yi a lasifika, gaskiya ne za ka cika, ko kuwa 'yan kwamiti ne za su yi ta zarya har su gaji su bari? Kuɗin da za ka miƙa, naka ne ko na yaron shagonka da ya shekara bakwai yana yi maka bauta yana jiran sallama? Idan mata biyu gare ka, tambaya ta biyu tana jiran ka a tsakar gida, a rabon kwana da na cefane da na kayan Salla. Haba Alhaji, ka raba buhu goma a unguwa a ɗauke ka hoto, ɗakin uwar 'ya'yanka kuwa ko tiya babu? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sadakar da aka yi da haƙƙin wani, a tambayi malamai a ji matsayinta.

Ke kuma ƙanwata budurwa, wadda samari ke layi a ƙofar gidanku, buɗe kunnenki da kyau. Idan mai neman ki ɗan kasuwa ne, kada sunansa da kika ji a rediyo ya ruɗe ki, kada kuma motar da ya zo zance da ita ta ɗauke miki hankali, wataƙila ma ta aro ce. Ki sa yayyenki maza su je kasuwar da yake, ko Kwari ce ko Singa ko Dawanau, su tambayi maƙwabtan shagonsa. Yaya yake da biyan bashi? In an dawo masa da kaya mai aibi yana karɓa? Yaya yake da yaransa da 'yan dako? Amsar da za a samo a nan ta fi kowace wasiƙar soyayya gaya miki irin zaman da za ki yi. Mutumin da ya iya kallon idon tsohuwa ya rantse mata a kan yadi biyar na ƙarya, me zai hana shi rantse miki cewa daga ke ba ƙari? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Mu ma matan aure kada mu noƙe, a ce maza kawai ake yi wa faɗa. Da yawanmu 'yan kasuwa ne a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu ɗinki, dillalai, uwayen adashi. Ke dillaliya, zanen da kika ce sau ɗaya aka ɗaura, sau ɗayan ne? Ke uwar adashi, kwasar wance da kika juya kika sari kaya da ita, ta sani? Tambaya ta uku kuwa kamar don gidan biki aka yi ta, domin da za mu riƙa auna kowace magana da ita kafin mu kai wa wance abin da wance ta ce, da aure da yawa bai mutu ba. Sannan wani abin da ba mu so a faɗa, sau da yawa mu ne muke tura mazan. Maigida ya dawo ya ce kasuwa ta yi nauyi, sai a tura baki, wai mijin wance ya sake mata kujeru, ya kai ta Umra. In kika matsa wa mai gaskiya da gori dare da rana, kina koya masa ha'inci ne da hannunki, kuma abin da ya samo ta wannan hanya cikin 'ya'yanki zai shiga. Ranar da mijinki ya ce miki ya bar wani ciniki saboda akwai cuta a ciki, ki yi masa sannu, ki sa masa albarka, ki dafa abin da ya samu.

Shawarata ga 'yan ƙungiyoyinmu na unguwa kuma ita ce, in za ku naɗa uban ƙungiya, ku daina duba girman aljihu kawai. Ku nemi wanda in an ambace shi a kasuwa ake cewa wane ai ba ya cin haƙƙin kowa, ko da abin da zai iya bayarwa kaɗan ne. Irinsa ne in an tara kuɗin gyaran kwalbati za a ga kwalbati. Ku kuma rage kashe rabin abin da aka tara a hayar rumfa da kujeru da lemon kwalba.

A nan zan dasa aya. Ina jiran ra'ayoyinku, musamman iyayenmu 'yan kasuwa, wanda ya ga na yi son kai ya rubuto, fili na kowa ne, za mu buga in sha Allahu. A fitowa ta gaba za mu duba maganar bashi tsakanin miji da mata, shin in maigida ya ranci kuɗin sana'ar matarsa biya ya wajaba ko kuwa an zama ɗaya? Allah Ya ba mazajenmu halal mai albarka, Ya ba mu wadatar zuci da haƙurin zama da su, Ya shirya mana zuriya. Sai mun sake saduwa, taku ce har kullum. Wassalam.